Kular Man Giya da Safar Ummanki

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Mubarak da amaryata Hanifa. Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ku a gida da kan hanya, Ya sa ƙaurar da za ku yi zuwa Shenyang, can arewacin ƙasar Sin, ta zama buɗi gare ku, shi a karatunsa, ke a sabon aikinki na tafinta. Amin.

Na san abin da za ki ce da kin buɗe: "Baba, tsakanin gidanka da namu tafiyar ƙafa ce, shi ne har da wasiƙa?" To, yi dariyarki ki gama. Ranar Juma'ar da kuka zo cin abinci na ɗauko miki maganar motar nan, ban kai tsakiya ba kika tare ni: "Haba Baba, motar da ko tari ba ta taɓa yi ba? Mun riga mun ɗaure kaya, babu lokacin zuwa gareji." Hanifa ta haye cinyata tana jan gemuna, Ummanki ta miƙo min kwanon miya, magana ta bi ruwa. Kin san ni, in ana ciniki a kasuwa bakina ba ya mutuwa. Amma a gabanki, ke 'yar fari, ga ki kuma da sunan mahaifiyata, sai in rasa ta cewa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ita takarda ba a katse ta.

Abu guda nake roƙo. Kafin ki ɗauki hanyar arewa da motar nan da na ba ku, ki kawo min ita in kai ta gareji a warware wani aiki da ni na sa aka yi mata. Ke ce direba, Mubarak bai daɗe da samun lasisi ba, don haka ke nake wa bayani.

Idan kin tsuguna a gaban motar kika leƙa ta ragar nan, za ki ga wani ɗan ƙaramin lagireto baƙi, bai fi faifan rufe kwarya ba, an ɗaure shi gaban babban lagireton. Shi ne makanikai suke ce wa kula. Ba da shi motar ta zo ba, ni na sa aka ƙara mata. Aikinsa shi ne ya sanyaya man giya. Kin san rayuwar da motar ta yi a hannuna: yau a cika ta da jakunkuna daga Shiling har rufi, gobe ta bi kwantena zuwa Nansha, jibi ta yini a gosulon titin Huanshi Lu tana kai alhazai masauki, ga zafin Guangzhou da yake dafa mutum cikin rigarsa. Mota mai giyar atomatik in ta sha irin wannan wahala manta yakan yi zafi har ya ƙone, in ya ƙone kuwa giyabos ya tafi. A nan garin kular nan alheri ce, ban taɓa yin da-na-sanin sa ta ba. Amma inda za ku je, ruwa kan daskare a cikin kwalba. A can, yadda aka haɗa ta ɗin nan, ita ce za ta cuce ku. Ba a littafi na karanta ba, a gefen titi na koya, kuma kina wurin, sai dai ba za ki tuna ba.

Lokacin kina ƙarama, ba ki ma shiga makaranta ba, ina da wata tsohuwar mota ruwan toka. Ita na fara sa wa kula. Wani bakanike ne ɗan unguwarmu a Kano, Sale, ya zo sarin kayan gyara ya sauka a wurina, ya ce bari ya saka min da alheri. Ya buɗe bonet ya nuna min yadda kamfani ya yi: tiyon man giya yana shiga cikin babban lagireto ya fito. Ya ce, "Alhaji, ka ga shirmen Bature? Mai yana neman sanyi, an tura shi cikin ruwan zafi!" Ya zare tiyon daga lagireto gaba ɗaya ya haɗa shi kai tsaye da sabuwar kula. Da ya gama sai ya kwance wani ɗan ƙarfe mai sifirin daga bakin injin, shi ne tamosta, wanda yake tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya jefa shi a kwandon shara. Ko gezau ban yi ba. Ai haka muka taso muka gani. A Kano duk motar da aka sauke daga jirgin ruwa aka kawo, kafin a wanke ta ma an cire mata tamosta, ana cewa kayan ƙasar sanyi ne. Ummanki ce kaɗai ta yi magana, tana tsaye da butar shayi. Ta ce, "Ni dai ban san mota ba, amma wanda ya ƙera ta ba don ado ya sa abin nan ba." Ni da Sale muka kwashe da dariya.

Sale ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa. Aikin Kano ya yi min, ni kuma na manta ba a Kano nake ba. Abin da bai faɗa min ba, don shi ma bai taɓa buƙatar sani ba, shi ne wannan ruwan zafin da ya raina aiki biyu yake yi. In mai ya yi zafi ya rage masa, in kuma ya yi sanyi ya ɗumama shi. Don haka, Mamana, duk wanda zai taɓa miki mota a can, ko ɗan gida ne ya zo da fara'a da Hausa a bakinsa, ki fara tambayarsa ko ya taɓa cin hunturu a garin. In ya ce a cire wani abu don ba shi da amfani, ki ce ya bar shi tukuna.

A hunturun shekarar ne wani abokin cinikina ɗan zangon Kumasi ya matsa min lamba in je Baigou, can arewa kusa da Beijing, in duba masa jakunkunan makaranta, wai sun fi na Shiling sauƙi. Ana dab da bikin sabuwar shekarar Sinawa, duk inda na je neman tikitin jirgin ƙasa sai a ce min meyo, babu. Na ce to ai ina da mota. Ummanki ta ji ana maganar dusar ƙanƙara, ta ce wallahi ƙafata ƙafarta, ita ma sai ta gani da idonta. Muka naɗe ki cikin rigunan sanyin Guangzhou, waɗanda a can ba su fi a kira su rigunan shan iska ba, muka kama hanya.

Farkon tafiya sumul. Sai da muka yi nisa, itatuwa suka koma ƙirare, gonaki suka yi fari, motar ta fara yi min magana ni kuma na toshe kunne. Da safe in na sa giya sai ta yi jim kafin ta kama, in ta kama kuma sai ta fizga kamar an tunkuɗo mu ta baya. A kan babban titi ta ƙi shiga giyar ƙarshe, inji yana ta gurnani, allurar fetur tana sauka kamar ana zuƙa da bututu. Allurar zafin inji kuwa ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi, ni kuma har murna nake, ina ce wa Ummanki, "Kin ga aikin Sale? Ko ɗumi ba ta yi!" Ita kuma ta sa hannu a bakin hita ta ce, "To ai mu ma ko ɗumin ba mu yi." Ashe man giyar ne ya yi kauri kamar man shanu a cikin firij. Iskar ƙanƙara tana dukan kular nan kai tsaye, babu abin da zai ɗumama shi. Ni kuma maimakon in lallaɓa, sai na dinga danna totur, wai in ta sha gudu za ta warware.

Ki riƙe wannan. Da safe a can, in kin tayar da mota kada ki figa. Ki bar ta ta ɗan yi numfashi, ki taka birki ki zagaya da giyar a hankali ki dawo da ita, sannan ki fara tafiya sannu-sannu kamar mai ɗauke da ƙwai, har sai kin ji canjin giya ya yi laushi. In kin ga allurar zafi ta ƙi tashi, wannan ba abin murna ba ne. In kuma mota ta sauya hali, ki tsaya a garin farko ki nemi gareji, kada ki ce bari dai mu ƙarasa. Na san halinki, irin nawa ne. Tun kina rarrafe in kin nufi wuri ba a tare ki.

Safiyar ranar da abin ya faru, mun kwana a wani ƙaramin masauki. Muka fito muka tarar dusa ta rufe ko'ina. Allah Sarki, murnar da kuka yi ke da Ummanki! Kika ƙwace daga hannunta kika faɗa ciki kina tsalle, kina ɗiba kina kaiwa baki, wai gari ne. Na ja motar baya don in juya, sai na hango ɗigo-ɗigon ja a kan farar dusar, daidai inda gaban motar ya kwana. Na gani da idona. Man giya ja ne, na sani sarai. Amma sanyi yana cizon kunnena, mutumin Kumasi yana ta kira, sai na ce wa kaina ai na wata motar ce da ta kwana a wurin kafin mu. Ban tsuguna ba. Da na tsuguna da na ga tiyon roba ya sandare kamar itace, kilif ɗin da ya riƙe shi ya saki.

Don Allah ki dinga tsugunawa. Kowace safiya, kafin ki sa Hanifa a kujerarta, ki leƙa ƙarƙashin gaban motar. Dusa ba ta ɓoye komai, in akwai ɗigo za ki gani. Rigarki za ta ɓaci, to ta ɓaci, Mubarak ya wanke.

Wajen la'asar, muna kan wata ƙaramar hanya da na yanka don in rage nisa, babu gida babu shago, sai na ji inji ya yi ihu motar kuma tana rage gudu. Na danna totur, ihu kawai, ba ta tafiya. Na gangara gefe na fita. Tabɗi! Jan layi ne a bayanmu har iya ganina. Man da ya yi kauri ya matsa, tiyon ya fice, duk man ya tsiyaye a titi.

A nan na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Na kashe injin. Tunanina shi ne in ya ci gaba da juyawa babu mai a giyabos, giyabos zai ƙone. Gaskiya ne kuwa, zai iya ƙonewa. Amma injin nan shi ne kaɗai abin da yake ba ku ɗan ɗumin da ya rage, ko da kaɗan ne. Ban yi wannan lissafin ba sam. Na rufe ku a ciki na ce yanzun nan zan samo taimako, na tsaya a bakin titi ina ɗaga hannu. Motoci jefi-jefi suke wucewa, wanda ya rage gudu ya ga baƙin mutum cikin doguwar riga yana tsalle sai ya ƙara mai. Wayata ta mutu don sanyi. Nakan dawo in ƙwanƙwasa gilashi in ce, "Kuna lafiya?" Ummanki ta ɗago kai ta ce, "Lafiya lau, je ka." Na ga kin yi lamo a ƙirjinta cikin zanenta, sai in koma bakin titi da kwanciyar hankali.

Mamana, ki saurare ni da kyau a nan. In Allah Ya jarrabe ku da tsayawa a irin wannan wuri, Allah Ya kiyaye, kada ki kashe inji don tausayin ƙarfe. Ki duba bakin salansa kada dusa ta toshe shi, ki ɗan sassauta gilashi kaɗan don iska, ki kunna hita, giyabos ya ƙone in ya ga dama. Kasuwar kayan gyara cike take da irinsa, kwantena nawa na loda da hannuna. Kuma in wanda kike ƙauna ya ce miki lafiya lau a cikin wahala, kada ki tsaya a bakinsa, ki buɗe ƙofa ki taɓa shi da hannunki.

Rana ta kusa faɗuwa wani mai babbar mota ya tsaya, dattijo, ya lulluɓe gaban motarsa da wani abu kamar katifa. Sinancina a lokacin bai wuce na ciniki ba. Na ja shi ina nuna masa tiyo ina cewa lawban, lawban, wato maigida, duba nan. Ko kallon tiyon bai yi ba. Ya leƙa ta gilashi ya gan ku, ya daka min tsawa da abin da ban gane ba, ya buɗe ƙofa ya sungume ki ya kai ki gaban motarsa mai ɗumi. Na ce wa Ummanki ta fito. Ta yunƙura ta sauko da ƙafa, sai ta durƙushe a kan dusa.

Sai a lokacin na ga ƙafarta. Babu safa. Ashe tun wasan da kika yi da safe takalminki da safarki sun jiƙe, da motar ta huce kika fara kukan ƙafa. Ta cire miki jiƙaƙƙun, ta tuɓe nata duka biyun da ta haɗa ta zura miki har gwiwa, ta tura ƙafafunki cikin rigarta. Ita kuma ta zauna da ƙafa tsirara cikin ɗan takalmin roba, a kan ƙarfen mota, tun la'asar. Duk ƙwanƙwasa gilashin da nake yi, haka take zaune. Yatsunta sun yi fari fat, na taɓa na ji kamar ba na mutum ba. Wallahi kuka na yi a gaban mutumin nan, da gemuna da komai.

Ya kai mu asibitin garin da ke gaba, ya tafi ko sunansa ban tambaya ba, sai shiyeshiye, wato na gode, da na yi ta jera masa. Allah Ya taimaka ba a yanke mata komai ba. Amma tun daga ranar yatsun ƙafarta ba su sake zama daidai ba. Ko iskar fanka ta taɓa su sai ta ji kamar ana soka mata allura. Ke kuwa ko mura ba ki yi ba, washegari kina ta rigimar a mayar da ke wurin gari.

Yanzu kin san dalilin safar da kuke tsokanarta da ita ke da ƙannenki. "Umma, a wannan zafin na Guangzhou, kowa yana neman tuɓewa ke kina sa safa?" Ita kuma ta ce muku ado ne, ku ne ba ku san gayu ba. Ita ta hana ni faɗa muku. Ta ce kada yarinya ta taso tana ganin ana bin ta wani abu. Na riƙe mata wannan alƙawari har kika yi aure kika haihu. Jiya na ce mata zan karya shi. Sai ta ce, "In dai zai sa ta kai motar gareji, faɗa mata."

Za ki ce to Baba, wanda ya ga wannan, me ya sa ya sake sa kula a sabuwar mota? Tambaya ce mai kyau. Tamosta dai ban sake bari an taɓa min shi ba, yana nan a wurinsa. Amma tiyon man giya na sa an haɗa shi kai tsaye da kula kamar waccan, saboda na rantse ni da arewa a mota har abada, kuma a zafin nan haka ya fi yi min aiki. Ina zan san wata rana 'yata za ta zo ta ce min arewar za ta, har ta wuce inda na tsaya, da jikata a kujerar baya?

Na riga na yi magana da tsohon nan mai gareji da ke bayan ɗakin ajiyar kayanmu, wanda yake ba Hanifa alewa. Aikin ba shi da yawa, yini guda ya isa. Zai mayar da tiyon ya bi ta cikin babban lagireto yadda kamfani ya yi, kular ta zama ƙari kawai. Zai sa wani ɗan bawul da yake hana mai shiga kular sai ya yi zafi, kin ga da rani in kun zo ganin gida za ta yi muku aiki, da hunturu kuma ta yi zamanta. Zai canza tiyo da kilif a sa masu jure sanyi, ya zuba sabon man giya irin wanda littafin motar ya ce, ya juye ruwan lagireto da na wanke gilashi a sa na ƙasar ƙanƙara. In kun isa can kika ga har yanzu giya tana nauyi da safe, ki yanki kwali ki rufe fuskar kular kawai, ban da babban lagireto, ki ɗaure shi da kyau. Amma ki tuna ki cire shi da zarar gari ya fara ɗumi, kada ki bar shi har rani ki zo kina cewa Baba ne ya ce. Tayoyin hunturu kuwa a hanya za ku saya, kafin ku shiga inda dusa take, kada Mubarak ya ce a bari sai an ga hali. Ki sa bargo biyu da ruwan zafi a fulas a cikin motar, kusa da hannu, ba a can ƙasan but ƙarƙashin tukwane ba. Tankinki kuma kada ya sauka ƙasa da rabi.

Na san yini guda zai ɓata muku tsari. Na san kin ƙosa ki ga kin fita daga ƙarƙashin fukafukin tsohon nan mai yawan magana, ki kafa naki gidan. Ban hana ki ba, wallahi alfahari nake da ke. Ranar da na ji kina yi wa jami'in tashar Nansha bayani da Sinanci har yana gyaɗa kai, sai da na koma bayan kwantena na share ido. Ina ƙaunarki, Mamana. Ban iya faɗa a baki ba, ga shi na rubuta, ki ajiye.

Gobe in Allah Ya kai mu, ki aiko Mubarak da makullin, ko ki kawo da kanki in kin huce da ni. In kin shigo za ki tarar Ummanki ta cika wata jaka da safa, ƙanana na Hanifa da manya naki, ta yi ta zagaya kasuwa tana zaɓen masu kauri. Na san sun yi yawa, sun ishi unguwa guda. Kada ki ce mata sun yi yawa, kada ki rage ko ƙafa ɗaya. Ki karɓa duka da hannu biyu. Kuma ta roƙe ni in gaya miki kada ki yi mata kuka, kada ki kalli ƙafarta. Na isar da saƙo, amma ban yi mata alƙawarin za ki iya ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku sauka lafiya, Ya tsare gabanku da bayanku. Allah Ya ɗumama muku gidan da za ku shiga, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya raya Hanifa, Ya yi miki albarka duniya da lahira. Ki gaishe da Mubarak, ki ce wa amaryata angonta yana nan yana jiran ta dawo ta ƙarasa tsige masa gemu.

Wassalam.

Mahaifinki, mai jiran makulli.